Zumuɗin Jama'a da Lissafin Shugaba



Da yawa daga cikinmu, in mun ƙare karatu, za mu koma Gaya ko Ajingi mu tarar an ɗora mana shugabancin ƙungiyar gama kai ta manoma, don kawai mun yi boko. Ranar da za a gwada mu kuwa ita ce ranar da kowa ya zo da zumuɗi, ana cewa a ci bashi a shiga wani sabon sha'ani, alhali littafin kuɗi yana hannunmu.

Mu tuna da alkama. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita, farashinta ya hau, manoman rani a Kadawa da sauran sassan Jihar Kano suka rungume ta. Amma alkama tana da ƙa'idarta: a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba don ta sha sanyin hunturu. Wanda ya makara, zafin Maris zai riski gonarsa ƙwaya ba ta cika ba. Sa'an nan a 1992 aka ɗage hanin, alkamar waje ta dawo kasuwa. Duk wanda ya jingina dukiyarsa kaf ga wannan doka, ranar nan jinginarsa ta zame.

To, shugaba ya kashe wa mutanensa gwiwa ke nan? Ko kusa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya wajaba gare mu shi ne mu buɗe littafi a gaban kowa, mu yi tambaya uku: nawa za mu kashe, wa zai saya, in farashi ya faɗi da me za mu biya bashi? Wanda ya fi kowa ɗoki, shi za mu aika Dawanau ya jiyo farashi da kunnensa. In lissafi ya fita, mu gwada a kadada biyu tukuna, ba tare da mun taɓa kuɗin takin gero da dawa ba.

Za a ce mana matsorata. Mu jure, gama kuɗin da ke asusun nan wani akuyarsa ya sayar ya kawo. Sauri ya haifi nawa. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.