Iyaye Mata, Mu Bar Ɗalibanmu Su Amsa Tambayoyin Shaye-shaye

Yau ba maganar taro ko anko ce ta kawo ni ba. Magana ce ta 'ya'yanmu da ke jami'o'i da kwalejoji, don haka ku ɗan ba ni hankalinku.

Kwanakin baya 'yata ta kira ni daga makaranta. Ta ce, "Mama, an turo mana wani fom ta waya, wai ana bincike kan shan giya da ƙwayoyi tsakanin ɗalibai. In cike?" Wallahi kafin ta rufe baki na ce mata kul! Me ya haɗa ki da giya? Sai da na kwanta na yi ta juya maganar, na ga ni ce ban yi daidai ba. Washegari da kaina na kira ta na ce ta cike.

Ga abin da na gano. Idan duk yaran da ba sa sha suka ƙi amsawa, masu sha kuma suka ɓoye saboda tsoro, lissafin da zai fito gurgu ne. Da wannan gurgun lissafin kuma za a tsara wa 'ya'yanmu magani. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi.

Ku duba abin da ƙididdiga ta taɓa nuna mana. A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sun yi bincike a faɗin Najeriya. Suka gano mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda, ban da giya da taba. Kuma cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Mace fa, 'yan'uwa! Da mutane sun ƙi buɗe baki, da har yanzu muna cewa matsalar maza ce kawai. A shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan BBC ta bankaɗo yadda matasa ke kwankwaɗarsa. A farkon 2024 NAFDAC ta fara kamen giyar leda da ta ƙananan kwalabe, saboda araharta da sauƙin ɓoye ta a aljihun yaro. Duk waɗannan matakai sai da gaskiya ta fito fili aka ɗauke su.

Akwai wani amfanin kuma. Binciken da aka daɗe ana yi a jami'o'in Amurka ya nuna ɗalibai sukan ɗauka abokansu na shan giya fiye da yadda suke sha a zahiri. Yaro sabon shiga sai ya ga kamar kowa na yi, shi kaɗai ne baƙauye. Idan sakamako ya fito da ainihin adadi, wannan ruɗin ya karye. Kenan 'yarki da ba ta sha, amsarta ta "ban taɓa ba" garkuwa ce ga ɗan wata.

Tambayoyin ma ba wasu masu wuya ba ne. Da yawa ana ɗauko su ne daga wani ma'auni na Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna AUDIT, tambaya 10 kacal: sau nawa ake sha, nawa ake sha a zama guda, ko shan ya taɓa hana mutum yin abin da ya kamata ya yi, ko wani ya taɓa nuna damuwa a kai. 'Yan mintuna an gama.

To amma na san tsoronmu, 'yan damfara sun cika intanet. Ku koya wa yara waɗannan alamomi:

Binciken gaske yana faɗin jami'a ko hukumar da ke yin sa, da dalilin yin sa, tun a shafin farko.

Yana neman yardar mai amsawa, kuma yana da damar dainawa duk lokacin da ya so.

Ba ya neman BVN, NIN, lambar asusun banki ko lambar sirri. Ba ya cewa a turo kuɗi. Wanda ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, a rufe shi nan take.

Idan akwai shakka, ɗalibi ya tambaya a ofishin kula da harkokin ɗalibai ko asibitin makaranta. Tun 2023 ma akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, ba a yarda wani ya yi wasa da sirrin ɗanki ba.

Sai roƙona gare mu iyaye. Kada ki cike wa yaro. Kada ki tsaya a kansa kina leƙen waya, don in kina tsaye ba zai faɗi gaskiya ba. Kada kuma bayan ya gama ki tsare shi da "me ka rubuta?" Ki ce masa kawai, "Ɗana, ka faɗi gaskiya, ba wanda zai hukunta ka." Wataƙila wannan kalmar ce za ta sa wata rana ya zo miki da damuwarsa da kansa, tun abu bai yi nisa ba.

Shugabannin mazaɓu, ku tura wannan saƙo guruf-guruf. Wadda ba ta iya karatu ba, a karanta mata. Kowace uwa mai ɗalibi ta kira shi a makon nan ta yi masa wannan magana.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mana su a duk inda suke.