Bandejin da Ƙwayoyin Bakteriya ke Saƙawa



Duk wanda ya taɓa jinyar ƙuna, ko gyambon mai ciwon suga, ya san azabar ranar wankin ciwo: auduga ta manne, a ɓamɓaro ta tare da sabuwar fata, jini ya dawo. Tun 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna cewa ciwon da aka rufe da 'yar lema ya fi saurin warkewa a kan wanda aka bari ya bushe. Ke nan ana bukatar marufin da zai shanye ruwan ciwo ba tare da ya ƙafar da shi ba.

Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya marasa cutarwa waɗanda, idan aka ba su ruwan sukari, sukan saƙa wani farin shimfiɗi mai santsi a saman ruwan. A. J. Brown ne ya fara bayaninsa a 1886. Asalinsa ɗaya da zaren auduga, sai dai ya fi shi siranta nesa ba kusa ba, yana riƙe ruwa mai yawa, yana sanyaya ciwo, kuma ba ya mannewa. A Brazil an fara rufe ƙuna da shi tun shekarun 1980.

Amma yana da rauni biyu. Ba ya kashe ƙwayoyin cuta da kansa, kuma idan ya bushe ba ya sake shan ruwa kamar da. Shi ya sa masana ke gauraya shi da sinadarin ciyawar teku domin ya ƙara tsotsa, da ɓurɓushin azurfa ko sinadarin ɓawon jatan lande domin ya yaƙi ruɓa.

Wannan aiki ne na ɗakin bincike, inda ake wanke shi a tsarkake. Kada wani ya sayar muku da kwaikwayonsa a tebur.

Kafin ya wadata, ga abin da ke hannunku. Idan man suya ko tafasasshen ruwa ya ƙona wani, ku kwarara ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a wurin na minti 20. Kada ku shafa manja, ƙwai, toka ko man goge baki. Kada ku fasa bororo. Ku rufe da ƙyalle mai tsabta, ku nufi asibiti mafi kusa, ko wannan gefen iyaka ko wancan. Ciwon da ya fara wari, kumburi ko mugunya ba ya jiran kasuwa ta tashi.

Allah Ya ba mu lafiya.