Jawabin ofishin kariya kan zama da masu masauki da tarbar sababbin zuwa

Jami'in kariya ya ɗora mini isar da saƙon nan da Hausa, kuma za a buga shi a takardar sanarwa don wanda bai samu zuwa ba a karanta masa.

Da yawanku kun tuna 2019, lokacin da 'yan bindiga suka tayar da garuruwa a Sakkwato da Zamfara da Katsina, daga Sabon Birni da Isa har Jibiya. Kafin motar HCR ta iso, kafin a kafa rumfar rajista, mutanen ƙauyukan Gidan Runji ne suka buɗe zaure. Sun buɗe rumbu kuma, a lokacin da hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba. Shi ya sa da aka buɗe Garin Kaka da Dan Daji Makau da Cadakori, aka zaunar da ku kusa da garuruwan mutane, famfo ɗaya, asibiti ɗaya, makaranta ɗaya.

To, maganar da ta fi kawo ƙara ita ce itace. Ina roƙon iyaye mata da samari su saurara da kyau. Bishiyar da kuka gani cikin gona a ƙasar Maradi tana da mai ita. Tun shekarun 1980 manoman nan suke barin kututture ya sake tohowa, suna rage masa rassa, suna rainonsa shekara da shekaru. Gawon nan da yake zubar da ganye da damina taki ne ga gero, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne da rani. Wanda ya sare shi ya taɓa abincin gidan wani, kuma ma'aikatan gandun daji suna cin tara a kai. Mun san tukunya ba ta tafasa da haƙuri, mun san 'yan mata na yin nisa neman makamashi, nisan kuma akwai haɗari a cikinsa. Don haka a tafi a ƙungiya, da rana, a ɗebi busasshe, a nemi izinin mai gona. Wanda aka kama kada ya yi faɗa, ya zo wurin shugaban unguwarsa, a je gaban mai gari tare. Haka ma dabbobi: da shuka ta fito, a ɗaure.

Na ji wasu na cewa baƙo raɓa ne. A ganina wanda ya yi damina da dama a gari, ya haifi 'ya'ya a nan, ya zama maƙwabci. Jana'izar gari a je, suna a je, aikin gayya a fito da fartanya.

Sai sababbin zuwa. Yanzu ku ne masu tarba. In ɗan'uwa ya tsallako ya sauka gidanka, ka ba shi ruwa, ka kawo shi rajista washegari, kada ka ɓoye shi don tsoro. Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar Afirka ta 1969, wadda ta ɗauki wanda rikici ya koro daga ƙasarsa a matsayin ɗan gudun hijira, kuma doka ta hana a mayar da shi inda ransa ke cikin haɗari. Rajista kyauta ce. Duk wanda ya nemi ko dala ɗaya, ko ya nemi mace da wata magana don ya sa sunanta, a kawo mana ƙararsa. Ba za a faɗi sunan mai ƙara ba.

In yaro ya iso ba uwa ba uba, a riƙe shi da kyau, amma a sanar da mu a ranar, domin a fara neman danginsa. Kada a aurar da yarinya don an rasa inda za a ajiye ta. Jaririn da aka haifa a nan a yi masa takardar haihuwa da wuri.

Mace da ke son magana a keɓe, ta faɗa a bakin ƙofa, za a haɗa ta da ma'aikaciya mace. Yanzu sai tambayoyi, mu fara da ɓangaren mata.