Tafiyar Ƙafa a Duwatsun Rano: Ƙasa, Baba da Harshe



A ƙasashen Turai masu noman inabi, akwai al'adar mutum ya ɗauki sandarsa ya bi gonakin da ke jikin tuddai da ƙafa, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Hukumar UNESCO ma ta sa gonakin inabin Bagandi na Faransa cikin kayan gadon duniya a 1915 da ɗari, watau 2015. Giyar da ake yi da inabin nan haramun ce ga Musulmi, kuma ba ita ce abin dubawa a nan ba. Abin lura shi ne yadda mutanen suka san kowace gona da sunanta, da irin ƙasarta, da tarihinta. Wannan lacca za ta duba ko ƙasar Hausa tana da yankin da ya cancanci irin wannan tafiya. Amsar tana kudancin Kano, tsakanin Rano da Kibiya.

Matafiyin da ya fito daga Rano da sassafe, ƙarshen damina, ya nufi Durba ta ƙasar Kibiya, abu na farko da zai lura da shi shi ne ƙasar ba shimfiɗaɗɗa ba ce kamar ta arewacin Kano. Duwatsu ne manya manya suka ɓullo tsakiyar gonaki, wani kan wani, kamar da hannu aka ɗora su. A gindinsu dawa da masara da gyaɗa, a tsakankanin gonaki kuwa ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, waɗanda manomi ya bari da gangan. Ruwan da ke gangarowa daga dutse yakan tara laima a gindinsa, don haka shukar wurin takan jure fari fiye da ta tudu. Manomi ya san wannan tun kafin masana kimiyyar ƙasa su rubuta shi.

Duwatsun nan sun ga tarihi. Rano tana cikin Hausa Bakwai, har yau kuma ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Littafin Tarihin Kano ya ambaci yadda Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano daga Zamnagaba. A ƙarni na 19 kuwa Ningawa sun yi ta kawo hari kudancin Kano, musamman zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. A irin wannan lokaci dutse shi ne garkuwar talaka: a kansa ake hango ƙurar dawaki, a kogonsa ake ɓoye mata da yara.

Amma abin da ya ɗaukaka sunan yankin a idon duniya shi ne baba. Bisa ga labarin gargajiya, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Kano da Rano su aka ba sarautar baba, kamar yadda Katsina da Daura suka sami ta kasuwa, Gobir ta yaƙi. Aikin kuwa ba na gaggawa ba ne. Sai a yanko ganyen, a daka, a cura, a shanya. Daga nan marini ya zuba shi cikin rijiyar da aka daɓe da laso, tare da ruwa da toka da katsi, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana motsawa da doguwar sanda har kumfa ya taso. In aka tsoma zane aka ɗago, da fari kore kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya koma shuɗi. Nan ne rini ya yi kama da aikin masu inabi: duka biyun shuka ce ake bari ta ruɓa bisa ƙa'ida, kuma gwanin kowanne da hanci da ido yake gane ta nuna. Zanen da aka rina a wannan shiyya, aka buga shi a garuruwa irin su Kura har ya yi ƙyalli, shi ne Buzaye ke naɗawa a Sahara. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya yi mamakin nisan da tufafin Kano ke kaiwa.

To, me ya faru? A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka harhaɗa a masana'anta, mai araha, marar jira. Sannu a hankali gonakin baba suka koma na gyaɗa, marina da yawa suka cike da ƙasa. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, hankalin manoman Kura da Bunkure ya ƙara komawa ga shinkafa da tumatir da alkama. Wannan ba abin zargi ba ne, domin ciki ba ya jiran tarihi. Sai dai in sana'a ta mutu, ba ita kaɗai take tafiya ba, da kalmominta take tafiya. Yaro nawa ne a yau zai iya bambanta katsi da laso, ko ya faɗi dalilin da ya sa ake ce da wani rawani ɗan Kura? Haka nan dutsen da aka fasa aka loda a mota, da ɗorawar da aka sare aka yi gawayi, kowanne da sunan da mutanen ƙauye suka san shi da shi, sunan kuwa ba ya daɗewa bayan abin.

Saboda haka aikin yana kan ɗaliban Hausa. Wanda ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai, ya bar mota a Rano ko Kibiya, ya taka. Ya fara gaida dagaci, ya zauna da dattawan Durba da Tarai da Rurum, ya rubuta sunan kowane dutse da fadama da kufai, da inda marina take a da, da kalmomin masu aikinta. Dattawan da suka ga aikin da idonsu suna ƙarewa, kuma Hausawa sun ce da zafi zafi akan bugi ƙarfe.