Lamba Shida Da Ba A Faɗa Wa Kowa

Jawabi ga ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na Adabka, ƙaramar hukumar Bukkuyum

Yau ba za mu buɗe littafi ba. Maganar waya za mu yi.

Wayar hannu ta shigo Najeriya a shekarar 2001. Yanzu da wuya ka shiga gida a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ba ka same ta ba. Wasunku suna WhatsApp tun kafin su iya rubuta sunansu, domin saƙon murya ba ya bukatar biro. To, ɓarayi ma sun san da haka.

Ga yadda suke yi. Wani zai kira ka. Zai gaishe ka da sunanka. Zai ce shi ɗan ƙungiyarku ne, ana rubuta sunayen masu karɓar taki ko tallafi. Sai ya ce, "An turo maka lamba shida, karanta mini." Kai kuma ka duba, ga lambar ta shigo. Kana karantawa, shi ke nan, WhatsApp ɗinka ya koma wayarsa.

Me ya faru? Shi ne ya sa lambar wayarka a tasa wayar. Kamfanin ya turo lamba shida don ya tabbatar mai layin ne. Lambar ta zo wurinka, ba wurinsa ba. Shi ya sa ya roƙe ka. Ba ƙofa ya fasa ba, mabuɗi ka miƙa masa.

Daga nan sai ya rubuta wa ɗanka da ke Gusau, da ƙanwarka da ke aure a Sakkwato. Zai ce kana asibiti, a turo kuɗi maza. Hotonka suke gani, sunanka suke gani. Wa zai ƙi taimakon mahaifinsa?

Maganin wannan shi ne kulle na biyu. Gidan kirki yana da ƙofar zaure, yana da ƙofar ɗaki. Wanda ya wuce ta farko, ta biyu za ta tsare shi. WhatsApp ya kawo wannan tsari ga kowa a shekarar 2017, kuma kyauta ne. Za ka zaɓi wata lamba shida ta kanka. Ba turo ta ake yi ba, a kanka take. Ko ɓarawo ya sami ta farko, sai an tambaye shi ta biyu. Facebook ma yana da irin wannan kulle.

Amma kada ka zaɓi 123456. Kada ka zaɓi shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka. In kana tsoron mantuwa, ai yanzu ka iya rubutu. Rubuta ta a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardar gona. Wannan ma wata ribar zuwa aji ce.

Idan an riga an kwace, kada ka zauna kana jimami. Sake shiga WhatsApp da layinka. Za a turo sabuwar lamba, kana sa ta za a fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa kullen, za ka jira kwana 7. Kafin nan, ka kira dangi ka ce kada kowa ya tura ko kwabo.

Sai maganar layin kansa. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar katin ɗan ƙasa. Layinka sunanka ne, kuma da yawanmu da shi muke shiga banki. Kada ka ara wa wani. In ka kai waya wurin mai caji ran kasuwa, ka kulle ta tukuna. Ban ce masu caji ɓarayi ba ne, amma hannuwa da yawa ke taɓa teburin nan.

Wani zai tambaya, ina suka sami sunana? A shekarar 2021 an bazu da bayanan masu Facebook fiye da miliyan 500 a intanet, har da lambobin waya, kuma akwai na 'yan Najeriya a ciki. Amma mafi yawa mu ne muke bayarwa da kanmu. Mu nan mun san halin da muke ciki na tsaro. Ba mu manta watan Satumba na 2021 ba, da aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Duk da haka sai ka ga yaro ya sa hoton buhunan da babansa ya noma, ko ya rubuta cewa gobe za su bi hanyar Gummi da shanu. Ba ka san wanda ke karantawa ba. Iyaye mata, ku ja kunnen yara a kan hotunan amare da na cikin gida.

Yanzu mai WhatsApp ya fito da wayarsa. Malamin aji zai zaga ya nuna wa kowa wurin da zai taɓa. In an zo kan lambar, malam zai juya baya, kai ka danna da hannunka.