Gori Ba Ya Rainon Ɗa

 

Kafin a karanto lissafin asusu, muna da magana ɗaya. Gori ya yi yawa a wajen suna da biki. Mace ta tambayi me za ta ba ɗanta mai gudawa, sai a kalli zanin goyonta, a ce, "Ke ko famfas ba kya sa masa?" To wadda aka gwale yau, gobe shiru za ta yi, ko da yaron yana ramewa.

Madarar gwangwani fa ba ita ce gata ba. Ma'aikatan lafiya cewa suka yi nonon uwa zalla har wata 6, sannan a haɗa da kunun gyaɗa da waken suya, abin da muke nomawa. Mai gudawa kuwa, ruwan gishiri da sukari, sai asibiti.

A littafinmu, mai zubin naira 500 da mai 5,000 shafi ɗaya suke. Wadda ta yi tambaya, a ba ta amsa da mutunci. Allah ya raya mana zuri'a.