Indiyam Ba Ya Bin Tutiya Ido Rufe

 

Kowa a zauren nan ya san amfanin indiyam a gilashin waya da talabijin, ya kuma san cewa cikin ma'adinin tutiya Reich da Richter suka gano shi a Freiberg ta Jamus a 1863. Rigimata da wasu abokan aiki, da ma'aikatan da ke rubuta rahoton albarkatun ƙasa, tana kan ɗabi'a guda. Sai su ɗauki yawan tutiyar da ke ƙarƙashin ƙasa, su ninka da wani matsakaicin adadi, su ce ga indiyam ɗin da ake da shi. Wannan lissafin tebur ne, kuma jijiyoyin ma'adinai sun daɗe da ƙaryata shi.

Babbar hujjata ita ce mahaƙar Toyoha da ke tsibirin Hokkaido na Japan, kusa da Sapporo, wadda ta taɓa riƙe kambin fitar da indiyam a duniya kafin a rufe ta a 2006. Jijiyoyin wurin zubi biyu ne. Na farkon, irin su Tajima da Harima, suna da tutiya da dalma da manganis da azurfa, amma indiyam ɗinsu bai taka kara ya karya ba. Daga baya dutsen ya sake tsagewa, ruwan da ya fi na farko zafi ya taso daga kudu maso gabas, ta wajen tsaunin Muine, ya cika jijiyoyin Izumo da Sorachi da Shinano. Wannan ruwa na biyu shi ya zo da jan ƙarfe da kuza, shi kuma ya zo da indiyam. Binciken masanin duwatsu Eijun Ohta ya fayyace wannan tun shekaru da dama. To ku duba: mahaƙa ɗaya ce, sifalarait ɗin da ke ɗauke da tutiyar sunansa ɗaya a ko'ina, amma wata jijiya ta cika da indiyam, maƙwabciyarta kuwa kusan fayau. Wane matsakaicin adadi ne zai gaya maka wace za ka bi da haƙa? Abin da ya raba su shi ne lokacin da ruwan ya zo, da zafinsa, da kusancinsa da narkakken dutsen da ya haife shi.

Dalilin kuwa yana cikin ginin ma'adinin kansa. Cajin ƙwayar tutiya 2 ne, na indiyam 3, don haka ba ya zama a gurbinta shi kaɗai, sai ya sami abokin tafiya mai caji 1, wato jan ƙarfe. Tutiya biyu su fita, jan ƙarfe ɗaya da indiyam ɗaya su shiga, lissafi ya daidaita. Idan indiyam ya yi yawa har sifalarait ya gaza ɗauka, sai ya ware ya yi nasa ma'adinin, kamar rokesait da aka fara bayyanawa daga Charrier ta Faransa a 1963, ko sakurayit na mahaƙar Ikuno. Tarayyar nan ta tutiya da kuza da jan ƙarfe ita ake gani a Akenobe, da jijiyoyin Potosi da Huari Huari a Bolibiya, da Mount Pleasant a Kanada.

Ana ce mini ai Kidd Creek ta Kanada da Neves-Corvo ta Fotugal ba jijiyoyi ba ne, a ƙasan tsohon teku suka taru, kuma suna da indiyam. Haka ne, sai dai duka biyun suna da jan ƙarfe da kuza, wato shaiduna ne a gare ni. Wasu kuma na cewa tunda a matata ake tsamo indiyam daga ragowar tutiya, masanin duwatsu ba shi da ta cewa. Wanda bai auna kayansa ba kafin ya sayar, kyauta ya ba matatar.

Sin ce ke tace fiye da rabin indiyam ɗin duniya, kuma a Fabrairun 2025 ta sa takunkumin neman izini kan fitar da wasu kayansa. Saboda haka maganar ta shafe mu a Najeriya. A Riruwai ta jihar Kano akwai doguwar jijiya cikin giranit mai ɗauke da kuza da sifalarait da ma'adinin jan ƙarfe, irin haɗin da na bayyana. Can zan fara auna indiyam, kafin dalma da tutiyar kwarin Binuwai da ruwa marar zafi sosai ya zuba. A auna kowace jijiya da kowane zubi daban, da na'urar leza da ke karanta ƙwaya ɗaya ta sifalarait. A tona tsofaffin tulin sharar mahaƙa a gwada su. Hukuma kuma ta daina ba da izinin fitar da garin tutiya sai takardar gwajinsa ta nuna adadin indiyam da ke ciki.